Surukina, Mai Tsaron Na'urori Uku

Da hantsi aka binne surukina, kafin rana ta kai zafin da ba a iya tsayuwa a maƙabarta. Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaron ƙofar gidansa, ƙanensa ya zauna a tsakiya yana amsar gaisuwa, ni kuma na raɓe can gefe inda ya dace suruki ya zauna. Ba zan ambaci sunansa a nan ba. Ban taɓa kiransa da baki ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu da alƙalami ba. Baba nake ce masa, a gida da wurin aiki.

Tsofaffin abokan aikinsa na gidan waya su suka fara zuwa, suna tafe a hankali, suna ba da labarin lokacin da yake hawa falwaya yana ɗaure wayar tarho a hanyar Damagaram. Bayan azahar majo, wato babban ma'aikacin jinya na wani ƙaramin gidan likita na wajen Falanko, ya iso kan moto, babur ke nan, wuyansa duk gishirin zufa. Ya ce shekaru yana jin muryar Baba a waya, bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya nemi a nuna masa hoto. Da aka kawo ya daɗe yana kallo, ya ce shi ya zaci ƙato ne. Wani Buzu kuma daga yankin Tenhiya ya zauna a bakin tabarma, rawaninsa a rufe har hanci, sai da zai tashi ya ce wa ƙanen Baba mamacin ya taɓa ba uwarsa masauki.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne shofer ɗin ambilans na Belbeji. Ya yi addu'a tare da jama'a, ya shafa, sai ya matso kusa da ni ya sassauta murya.

«Malam, yanzu wa ke riƙe da ɗakin?»

Na ce ni ne. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce Allah ya taimaka. Ba raini ba ne. Tsoro ne, kuma na gane shi, don ni ma shi nake ji. Har yamma mutum bayan mutum suna yi mini wannan tambaya, kowa da irin tasa hanyar, kuma kusan kowa sai ya taɓa aljihun da wayarsa take.

Ɗakin da suke nufi yana bayan biro, wato ofishin wata ƙungiya, a nan Tanut. Aikin ƙungiyar shi ne lamba guda da ƙananan gidajen likita na karkara ke kira in mara lafiya ya fi ƙarfinsu, mace mai doguwar naƙuda, ko wanda maciji ya sara, ko yaron da wuyansa ya sanƙare. Kiran yana shigowa Tanut, a nemo motar da ta fi kusa, a sanar da inda za a kai shi. Duk wannan yana gudana ne cikin manyan na'urori uku da muke ce wa sarber, an jera su cikin kabad ɗin ƙarfe ɗaya bisa ɗaya. A cikinsu akwai wasu ƙananan na'urori marasa jiki, manhaja ce zalla, amma kowace tana aiki kamar odinatar, wato kwamfuta, mai zaman kanta. Wata na amsar kira, wata na sanin inda motoci suke, wata na tura saƙo ga majo. In babba ɗaya ta faɗi, sauran biyun su kwashe ƙananan da ke cikinta su ci gaba, mai kira bai ma san an yi ba. Sai dai akwai sharaɗi. Dole biyu su kasance suna jin juna. In ta rage guda, ba ta iya sanin ko sauran sun mutu ne ko waya ce ta tsinke tsakaninsu, don haka sai ta tsayar da kome da kanta.

Baba ne ya kafa su. Bayan ya bar gidan waya ya je Yamai ya koyi wannan aiki yana da furfura, cikin ajin da duk 'yan cikinsa an haife su ne bayan ya fara ɗaukar albashi. Ni na zo daga Damagaram aka haɗa ni da shi, daga baya na auri 'yarsa ta fari. Tun daga nan aikin ya zama wani iri. Mutumin da ba na iya haɗa ido da shi a zaurensa, shi ne wanda muke zaune kafaɗa da kafaɗa gaban allo guda daga safe zuwa yamma. Malam yake ce mini. 'Yar tasa kuwa, da yake ta fari ce, bai taɓa faɗin sunanta ba, sai dai ya ce in gaida mutanen gidana.

Ba ya shiga ɗakin da takalmi, ba ya barin kowa ya shiga da shi. In ya buɗe ƙofa da safe, ba allo yake fara dubawa ba. Tsayawa yake ya karkata kai yana sauraron ƙarar fankokin cikin na'urorin, sannan ya ɗora bayan hannunsa a jikin kowace kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ba ya taɓa wani babban aiki ranar Juma'a ko ranar kasuwa, wai ranar kasuwa motoci kan kife, kira kan yi yawa. Duk abin da na kawo masa na ce mu gwada, tambayarsa ɗaya ce: in ta ƙi tashi fa? In ban da amsa, ya ce in je in nemo. Ba ya faɗa. Shiru yake yi, kuma shirunsa ya fi faɗa wuyar ɗauka.

Labarin uwar Buzun nan ina wurin aka yi shi. Wata bazara ce, sun kawo awaki kasuwa, tsohuwar ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar biro, jikinta zafi rau, ba zufa ko ɗigo. Motocinmu duk suna daji. A unguwar nan kaf, ɗakin Baba ne kawai ke da kilim mai sanyaya ɗaki. Mutumin da ba ya bari ko shugaban ƙungiya ya leƙa da takalmi, shi ya tallafo ta da kansa, da rairayin ƙafarta da kome, ya shimfiɗa mata dardumar sallarsa a gaban kabad ɗin, ya riƙa jiƙa rawaninsa yana ɗora mata a wuya har ta buɗe ido. Da ta farfaɗo ta ga fitilu kore suna ƙiftawa a kanta, ta tambayi ɗanta cikin Buzanci ko ta mutu ne. Baba ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Washegari kuma ya sa muka share ɗakin nan tun daga rufi, yana mita cewa rairayi ya shiga ko'ina.

Saɓaninmu a kan sabunta manhaja ya taso, abin da muke ce wa mizajur. Manhajar da ke riƙe da ƙananan na'urorin ta tsufa, masu yin ta sun sanar sun daina gyara ta, masu kula da mu daga Yamai kuma suna ta kira suna cewa a sabunta. Kullum muka kunna allo sai ga jan gargaɗi a sama. Ni na ce mu yi da sanyi, lokacin da ɗaki ke da daɗi kuma kira ya yi sauƙi. Baba ya ce a'a. Fankar na'ura ta uku ta fara wani gurnani da shi kaɗai ya fara ji, kilim ɗin ma ya rage ƙarfi, ba zai kashe ɗaya ya jingina da gurguwa ba. Aka aiko fanka daga Yamai, ta zo ba girmanta ba, aka mai da ita. Sanyi yana wucewa ina kallo.

Ran nan a taro shugaban ƙungiya ya tambaye ni kai tsaye ko za a iya yi yanzu, na ce za a iya. Baba ya naɗe tabaransa ya sa aljihu. Ranar Juma'a maiɗakina ta aika masa da kwanon dambu kamar yadda ta saba, da yamma kwanon ya dawo a rufe, ko cokali ba a sa ba. Ta buɗe, ta rufe, ta tambaye ni me na yi wa ubanta. Muka yi kwanaki muna aiki ba mai magana sai ta dole. In yana son in duba wani abu, sai ya nuna allo da bakin alƙalami. Surukata ce ta raba, ta aiko a kira ni, ta zauna bayan labule ta ce ita ba ta san kan injinmu ba, amma ta san tsohon nan ba ya barci.

Na je na durƙusa a zaure na ba shi haƙuri a kan na yi magana gabansa cikin mutane. Ya daɗe yana jan carbi.

«Ban ce ba ka da gaskiya ba, Malam,» in ji shi. «Cewa na yi ban shirya ba.»

A lokacin na ɗauka na'urar yake nufi. Sai daga baya na fara lura. Ya daina buga haruffa da kansa, sai ya faɗa ni in buga, wai idona ya fi nasa. Kofin shayi yakan yi ƙara a kan faranti in ya ɗauka da hagu. Wata rana yana cikin bayani ya tsaya tsakiyar magana yana neman kalmar da kullum yake faɗi, ya rasa ta, ya ce zafi ne. Na gaya wa maiɗakina, ta gaya wa uwarta, aka matsa masa ya je a auna tansiyo, a ga ko jininsa ya hau. Ya je, ya dawo ya ce likita ya ce lafiya lau. Babu wanda ya raka shi.

Haka jinkirin ya kai mu cikin bazara, lokacin da shi kansa ya fi tsoro. Sanƙarau ya ɓulla a rugage, kira ba ya yankewa. Kuran na gari, wato wutar lantarki, yana zuwa yana ɗaukewa, gurup, injin da ke ba mu wuta, yana aiki har ya yi zafin da ba a taɓa shi. Yamai suka ce ba za a ƙara ɗaga mana ƙafa ba. Fankar da ta dace ba ta iso ba. Baba ya zo da safe, ya saurari na'ura ta uku ya fi yadda ya saba daɗewa, ya ce to, mu fara, ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ba ta ba mu wahala ba. Muka kwashe ƙananan na'urorin da ke cikinta muka tura su cikin sauran biyun suna kan aiki, muka sa mata sabuwar manhaja, muka kashe ta, muka kunna. Tsakanin kashewa da tashinta Baba bai zauna ba. Da fitilarta ta dawo kore ta gaisa da 'yan uwanta, ya ce alhamdulillahi, ya hana mu taɓa ta biyu sai da ta farkon ta yi kwanaki yana kallon halinta.

Ranar da za mu taɓa ta biyu gari ya tashi da wani irin shiru, iska ba ta motsi, sama fari fat. Tun hantsi kuran ya ɗauke. Muka kwashe ta biyu, kayanta suka rabu tsakanin ta farko da ta uku, muka fara zuba sabuwar manhaja. Wannan aiki ba a barin sa shi kaɗai, don yakan tsaya ya yi tambaya, in ba a amsa ba ya zauna jira har abada. Muna tsakiya ta uku ta fara kuka, wani siririn ƙara mai katsewa, alamar zafi ya yi mata yawa saboda ƙarin kayan da ta ɗauka. Na dubi Baba. Ya ce in buɗe ƙofar kabad, in juyo fankar ƙasa ta fuskance ta, in ci gaba. Mu duka mun san lissafin. Ta biyu a kwance take, rabinta tsohuwa rabinta sabuwa. In ta uku ta kashe kanta, ta farko za ta rage ita kaɗai, lambar kuma ta mutu daga Tenhiya har Belbeji.

Bayan azahar ina karanto masa wata tambaya da ta fito a allo, ko a bar tsohon tsari ko a ɗora sabo, na ji bai amsa ba. Na waiga. Tabaransa ya zamo, gefen bakinsa na hagu ya sauka, yawu na bin gemunsa. Ya buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce.

Na tallafe shi na kwantar a ƙasa, na ƙwala wa mutanen biro kira. Na danna lambarmu da wayata, kiran ya bi ta cikin na'urorin da ke bayana ya dawo, mai amsawa ta ce motar Tanut tana hanyar dawowa daga daji da yara biyu masu sanƙarau, ta Belbeji ta fi ta nisa. Maƙwabcinmu mai shago ya kawo tasa motar ƙofa. Muka ɗaga Baba, ina riƙe da kafaɗunsa, sai na ji hannunsa na dama ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya sake ni, ya nuna allo. Na ce Baba, bari in kai ka in dawo. Ya girgiza kai, ya sake nunawa, ya tura ƙirjina baya. Idonsa yana cikin nawa. Tun da na auri 'yarsa, ranar ce muka fara kallon juna haka.

Na tsaya. Suka fita da shi ba takalmi.

Ban san yadda na amsa sauran tambayoyin ba. Na san dai ta uku ba ta daina kuka ba, gurup yana ruri a waje, ga kira na ta shigowa ina ganin su suna wucewa a gefen allo, kowane da sunan ƙauyensa. Da aikin ya kammala na kashe ta biyu na kunna, allo ya yi baƙi ya daɗe a haka, har na fara tunanin abin da zan yi in ba ta dawo ba, na ga ba ni da kowa da zan tambaya. Wajen la'asar fitilarta ta yi kore. Na mai da mata kayanta, ta uku ta sami sauƙi ta yi shiru. Na kulle ɗaki na ruga gidan likita, aka ce ai an wuce da shi Damagaram, 'yarsa da ƙanensa na tare da shi. Ban ƙara ganin sa da rai ba. Ya cika washegari ba tare da ya sake cewa kome ba, gawarsa aka dawo mana da ita.

Maiɗakina ba ta yi mini maganar ba duk kwanakin zaman makoki. Tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata, amma ba ta zama inda nake. Sai bayan an yi sadakar bakwai, muka koma gida, yara suka tafi lakwal karatu, ta zo ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce mai shago ya gaya mata ubanta ne ya hana ni bin su. Na ce haka ne. Ta ce a mota ya riƙa juya kai yana neman wani, ba ta sani ba ko ni ne. Sannan ta tambaye ni:

«Da ka bar injin ka biyo mu, me zai faru?»

Na yi niyyar in ce mata da lambar ta mutu, da an rasa rayuka, don na san shi ne abin da zai sanyaya mata rai. Amma ta uku ba ta faɗi ba ranar. Ta yi kuka ne kawai. Na ce mata wataƙila da ta faɗi, wataƙila kuma babu abin da zai faru, da na dawo da dare na ƙarasa aikina lafiya lau.

«Shi ma ya san haka?»

Na ce ya fi ni sani.

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta har ta gama faranti. Sannan ta ce tun tana ƙarama haka yake, in waya ta tsinke a daji ranar salla, da rigar sallar yake tafiya. Ta ce ba ta yafe masa wannan ba tukuna, ni kuma ba ta san ko akwai abin da za ta yafe mini ba. Ta miƙe ta ɗora tukunya. Da abinci ya nuna, ta zubo mana a kwano ɗaya.

Har yau da nake rubuta wannan, na'ura ta uku tana kan tsohuwar manhaja. Biyu sababbi, ɗaya tsohuwa, kuma masu yin ta sun ce kada a daɗe a haka. Fankarta ta iso bayan rasuwarsa, na sa mata, gurnanin ya ragu amma bai tafi ba, ko kuma kunnena ne ya koyi abin da bai iya ba da. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, yana watsewa ba ruwa. Ina jiran ruwan farko ya sauka gari ya huce, sannan in kwashe ta in kashe ta in ga ko za ta tashi. Ni kaɗai zan kasance a ɗakin.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya sanyaya shi. Abin da ya ɓoye mana na ciwonsa, Allah ya yafe masa shi, mu ma ya ba mu ikon yafewa. Wanda duk ya taɓa kiran lambar nan daga daji aka amsa masa, ina roƙonsa ya sa tsohon cikin addu'a, ko da bai san sunansa ba.